Ambaliya, Hamada ko Noman Rani: Wanne Ya Kamata Kasafin Kebbi Ya Fara Dubawa?

ManominAugie:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin gwamnati har suka yi ritaya, akwai kuma waɗanda suka karanci sha'anin muhalli. Kowace shekara idan aka zo maganar kasafin kuɗi muna jin an ambaci sauyin yanayi, amma a jiharmu ta Kebbi wannan matsala ba fuska ɗaya gare ta ba. Mutumin Kangiwa rairayi ne ke cin gonarsa, mu da ke bakin gulbin Rima ruwa ne ke shanye shinkafarmu, mazaunin Birnin Kebbi ko Jega kuwa damuwarsa magudanar ruwa ce da zaizayar ƙasa. Idan kuɗin bai isa a yi wa kowa ba, da wane ma'auni ake cewa wannan ya shiga gaba, wancan ya jira baɗi? Kuma su wa ke zama su yanke? Ni dai a ganina ambaliya ce ta cancanci kaso mafi tsoka, domin a daminar 2020 gwamnatin jiha da kanta ta ce ruwa ya cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa, kuma ina cikin waɗanda ba su kai ko dami ɗaya gida ba a waccan shekara.

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri. Bari in amsa rabin tambayarka na biyu, tun da shi na sani. Abu na farko da ya kamata jama'a su gane shi ne, a kasafin yawancin jihohi babu wani babi guda da aka rubuta masa sauyin yanayi. Kuɗin a warwatse yake: dashen itatuwa yana ma'aikatar muhalli, ban ruwa da iri suna ma'aikatar gona, kwalbati da magudana suna ma'aikatar ayyuka, kayan agaji kuma suna hukumar agajin gaggawa ta jiha. Saboda haka ba kasafai ake samun zama ɗaya da za a ajiye hamada da ambaliya a kan teburi a auna su ba.

Yadda abin yake tafiya, ma'aikatar kasafi da tsare-tsare takan ƙiyasta abin da zai shigo daga asusun tarayya da harajin cikin gida, a cire albashi da fansho da biyan bashi, sannan a aika wa kowace ma'aikata wasiƙa a gaya mata iyakar abin da za ta iya nema. A cikin wannan iyaka, ayyukan da aka riga aka ba da kwangilarsu su ne ke fara shiga, sai alkawuran da gwamna ya ɗauka a bainar jama'a, sai kason da jiha za ta biya domin ta ci moriyar tallafi ko rance daga waje. Abin da ya saura shi ake jayayya a kansa. Daga nan sai majalisar zartaswa ta amince, a kai Majalisar Dokoki, kwamishinoni su je su kare, a sa hannu. Amma duk wannan rabin tafiya ce, domin rubuta adadi a kasafi daban, sakin kuɗin daban. Wanda yake son sanin abin da gwamnati ta fifita da gaske, ya duba abin da aka saki da watan da aka sake shi.

Dan_Kangiwa:
Na gode wa Baba Akawu, domin ya faɗi abin da ya sa mu mutanen ƙaramar hukumar Arewa kullum muke zama na ƙarshe. Ɗan'uwana ManominAugie, ban raina asararku ba, amma ka lura da bambancin da ke tsakaninmu. Ambaliya dare ɗaya take zuwa, da safe 'yan jarida sun iso, manyan baƙi sun zo jaje, an fara raba buhuna da tabarmi. Hamada kuwa ba ta da ranar zuwa. Gonar da mahaifina yake cika rumbu da geronta, yau sai na zuba taki mai yawa kafin in sami abin da zai kai mu watanni kaɗan, rijiyar da muke ja da gajeren igiya tun muna yara yanzu sai an ƙara mata tsawo, kuma samarin ƙauyenmu da zarar an gama girbi sai su tafi ci-rani, wasu ba sa dawowa. Wa zai zo jajen wannan? A Bachaka, cikin ƙaramar hukumarmu, aka ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2014, kuma Kebbi na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada da shirin ya shafa. Ina ganin ma'aunin adalci shi ne a fara da asarar da ba ta dawowa. Fadamar da ruwa ya ci bana, baɗi ana noma ta, har takan fi albarka saboda laka. Ƙasar da iska ta kwashe samanta kuwa sai jikoki.

ManominAugie:
Fadama tana dawowa, Malam, amma manomin da ya ci bashin taki da iri ba ya dawowa da sauƙi. Na san mutanen da suka sayar da shanun huɗa suka biya bashi bayan 2020, har yau ba su mayar ba.

Malama_Kimiyya:
Ina so in raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, akwai kuma shirya jama'a su iya jure abin da ya riga ya same su. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, kuma a taron Glasgow na wannan shekarar ta yi alkawarin kai wa matsayin da hayaƙin da take fitarwa zai daidaita da wanda ake shanyewa nan da 2060. Wannan alkawari ne na ƙasa, kuma nauyinsa ya fi hawa kan masu mai da iskar gas da manyan masana'antu. Jiha kamar tamu, wadda arzikinta noma da kiwo da su ne, kuɗinta ya fi dacewa da kare gona da gida da dabba.

Sai dai abin da ke damuna shi ne ayyukan da suka fi araha su aka fi mantawa da su, domin ba su da abin da za a yanke ƙyalle a buɗe. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin saukar ruwa da lokacin ɗaukewarsa, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma tana fitar da hasashen wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Nawa ne kuɗin juya wannan bayani zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulfulde da Dakarci, a karanta shi a rediyo, a kai wa hakimai da limamai, a ba malaman gona man babur su zagaya da shi? Bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Manomin da ya san ruwa zai ɗauke da wuri zai nemi iri mai saurin nuna.

Bagunge_Yauri:
Malama ta yi gaskiya a kan gargaɗi, amma ina da ƙari. Mu a Yauri da Ngaski da Shanga ruwanmu na kogin Kwara ne, kuma iyayenmu sun riga sun san ɗacin tashi daga gida tun lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kwashe mutanen tsibirai aka sake musu matsuguni. Idan aka ce wa mai gida ya tashi ruwa na zuwa, tambayarsa ta farko ita ce, in tashi in koma ina? Na taɓa kwana makonni da iyalina a ajin makarantar firamare, yara ba karatu, mata ba wurin sirri. Saboda haka duk gargaɗin da ba a haɗa shi da filin tudu da aka tanada, da ruwan sha, da jiragen ruwa masu lafiya ba, tsoratarwa ce kawai za ta zama.

Injiniya_Jega:
Ina so in ja hankalin ManominAugie ga wani abu da ke rage ƙarfin hujjarsa, ko da yake ina tare da shi a kan girman asarar. Ruwan da ke cin fadamar Augie da Argungu da Birnin Kebbi ba a Kebbi yake farawa ba. Madatsar Goronyo tana jihar Sakkwato, ta Bakolori tana jihar Zamfara, kuma dukansu suna hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta tarayya ce. Waɗanda suka ga 2010 suna tuna ambaliyar da ta faru da aka sami matsala a Goronyo. Ko jiharmu ta zuba dukan kasafinta, ba ita ke buɗe ƙofar madatsa ba, ba ita ke rufewa ba. Yashe gulbi kuma aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, kuma yashin yana dawowa muddin ƙasar da ke sama tana zaizayewa. Jinga ma tana da nata haɗarin, domin idan ka ɗaga ta a gefenka, ruwan da ka hana shiga gonarka gonar maƙwabcinka ta tsallake zai nufa.

A nan ne maganar Dan_Kangiwa ta haɗu da taka. Tudun da aka sare itatuwansa ba ya riƙe ruwan sama, sai ya sako shi gaba ɗaya tare da yashi zuwa cikin gulbi, gulbin ya cike, ya yi ambaliya da ruwan da a da yake ɗauka lafiya. Abin da jiha ke da iko a kansa shi ne kwalbatoci da gadoji masu faɗin da ya dace da ruwan yanzu, hana gini a hanyar ruwa, da ƙananan madatsu a kan rafuka. Ma'aunina shi ne a fara da abin da ke hannun jiha.

Yar_Argungu:
Tambaya gare ni ga Baba Akawu. Muna jin ana maganar asusun kula da muhalli. Shin na gwamnatin tarayya ne kaɗai, ko jihohi ma suna da rabo a ciki?

Tsohon_Akawu:
'Yata, suna da rabo. An kafa asusun tun 1981, kuma a tsarin rabon kuɗin tarayya akwai kason da ake warewa da sunan muhalli ga matakan gwamnati uku: kashi 1 cikin 100 ga tarayya, 0.72 ga jihohi, 0.60 ga ƙananan hukumomi. Yana shigowa ne tare da rabon wata-wata. Matsalar da ake yawan kuka da ita a faɗin ƙasar nan ita ce idan kuɗin ya shiga babban asusun jiha yakan saje da sauran, ya yi wuya a bi sawunsa. Da za a buɗe masa asusu na daban, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da aka yi da shi, da rabin wannan muhawara tamu ta sami amsa.

Uwargida_Zuru:
Ku gafarce ni, iyayena da ƙannena, duk maganar nan ban ji an ambaci murhu ba. Ana cewa a dasa itace, amma kowace safiya akwai tukunyar da sai an ɗora. Mace ba ta sare itace don ƙiyayya da daji, tana yi ne don gas ya fi ƙarfin aljihun maigida, kananzir kuma an daɗe da mantawa da shi. A yankinmu na Zuru muna ganin motocin gawayi suna fita, kuma wuraren da rashin tsaro ya hana mutane noma, wasu sun koma ƙona gawayi don su ci abinci. Idan gwamnati ta kashe kuɗi ta dasa dubu a arewa, aka sare dubu biyu a kudu, ina ribar? A sa murhu mai cin itace kaɗan a cikin kasafi, a koya wa mata gina shi da laka da hannunsu, a ba masu gawayi wata sana'a.

Dan_Kangiwa:
Hajiya, wannan magana taki ta taɓa inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni kaina ba na goyon bayan dashen biki, wanda ake kawo dubban tsirrai a ƙarshen damina, a dasa, a ɗauki hoto, a watse, kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da su. Na taɓa yin aikin ban ruwa a irin wannan shuka, aka biya mu wata biyu, daga nan ba mu ƙara ganin kowa ba. Kuɗin shinge da rijiya da mai gadi na shekara uku ya fi kuɗin tsiron muhimmanci. Kuma maƙwabtanmu na Maraɗi a Nijar sun nuna wata hanya tun shekarun 1980, wadda suke kira sassaben zamani: manomi ba ya tumɓuke kututturen da ke tohowa a gonarsa, sai ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran. Da haka suka dawo da itatuwa a miliyoyin hekta ba tare da gidan renon tsirrai ba. Gawo ma ya isa misali, yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina albarka. Abin da wannan ke bukata shi ne malamin gona da tabbacin cewa itacen da manomi ya rena nasa ne.

Ardo_Bunza:
Ina yi wa kowa sallama. Makiyayi ma yana cikin wannan lissafi. Idan tafkunan tudu suka ƙafe da wuri, dole mu gangaro fadama, a daidai lokacin da noman rani ya mamaye wuraren da muke shayarwa a da. Daga nan rigima ke tashi, kuma kuɗin da ake kashewa wajen kashe wutar rigima ɗaya ya isa a haƙa mashaya da yawa a fitar da burtali a sa masa alama.

MaiInji_Suru:
Mun yi nisa da tambayar farko, amma ina ganin amsarta tana hannunmu mu manoman rani. Tun da damina ta zama caca a fadama, abin da ya riƙe Kebbi shi ne shinkafar rani, kuma ba banza ba a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamba 2015. Amma tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, fetur ya zama shi ne babban abin da ke cinye ribar mai injin ban ruwa, har wasu suka rage fili. Injin mai aiki da hasken rana ya magance wannan, ga shi ba ya fitar da hayaƙi, wato ya cika sharuɗɗan Malama duka biyu. Wanda ambaliya ta cinye masa damina, da rani zai rama.

Injiniya_Jega:
Na yarda da kai, da sharaɗi biyu. Na farko, idan ruwa ya zama kyauta, mutane sukan ja fiye da bukata, don haka dole a riƙa auna zurfin ruwan ƙasa a fadama kowace shekara. Na biyu, a horar da masu gyara a kowace kasuwa, in ba haka ba ƙaramar matsala za ta mayar da injin kayan ajiya a zaure.

Malama_Kimiyya:
Akwai wani hannu da ke juya fifikon jihohi wanda Baba Akawu ya ambata a gurguje, wato kuɗin waje. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2021 da dala miliyan 700, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma burinsa farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Alherinsa a fili yake, domin yana tilasta a yi nazarin magudanar ruwa gaba ɗayanta kafin a taɓa aiki, kamar yadda Injiniya ya bayyana. Amma mu tuna rance ne mai sauƙi, za a biya shi, kuma yana da ranar ƙarewa. Jiha takan gaggauta biyan kasonta don kada ta rasa babban kuɗi, wannan kuwa hikima ce, sai dai hakan na nufin wani lokaci abin da mai ba da rance ya zaɓa shi ke zama fifikon jiha. Tambayata ita ce, ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa, a wane layi na kasafi za a sami kuɗin kula da abin da ya gina?

Yar_Argungu:
To, mu talakawa ta ina za mu sa baki? Ko sai dai mu yi ta magana a nan?

Tsohon_Akawu:
Akwai ƙofofi, ko da yake ba kowa ya san su ba. Tun bayan shirin gyaran harkar kuɗin jihohi da aka fara a 2018, jihohi sun saba da shirya taron jin ra'ayin jama'a kafin kasafi, da buga kasafin a intanet, da fitar da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk bayan wata uku. A irin wannan taro na sha ganin mutane sun tashi sun nemi hanya da wuta da asibiti, kuma suna da gaskiya, amma da wuya ka ji wanda ya nemi shingen itatuwa ko gyaran kwalbati. Ɗan majalisa kuma abin da mazaɓarsa ta nema da babbar murya shi yake kai wa gaba. Ƙungiyar manoma ko ta masunta ko ta mata da ta je da bukata a rubuce, da sunan wuri da yawan gidajen da abin ya shafa, ta fi mutum ɗari masu ƙorafi a baki tasiri.

Sai batun lokaci, wanda nake ganin ya fi adadi muhimmanci a wannan fanni. Kuɗin yashe magudana idan bai fito kafin Mayu ba, ya zama kuɗin agaji a Satumba. Renon tsirrai da rani ake fara shi don a dasa da ruwan farko mai ƙarfi. Aikin hanya yana iya jiran Disamba, waɗannan ba sa jira.

Bagunge_Yauri:
Baba, a nan nake ɗan saɓa maka. Agaji ba laifi ba ne. Ko an yi duk rigakafin duniya, wata shekara ruwa zai zo, kuma wanda gidansa ya rushe ba zai ci tsari ba. A ware wa agaji nasa tun farkon shekara, don kada a riƙa kwashe kuɗin dashe da na magudana ana toshe ɓaraka da su.

ManominAugie:
Na karanta duka, kuma na ƙaru. Ban sauka daga ra'ayina cewa fadama ce ke ciyar da jihar nan ba, amma maganar Injiniya cewa yashin da ke cike gulbinmu daga tudun da aka sare yake gangarowa ta tsaya mini a rai, domin ni shaida ne, wurin da muke tuƙa kwalekwale da rani ina yaro yanzu da ƙafa ake tsallake shi. Baba Akawu, ina roƙon ka duba rahoton wata uku na ƙarshe ka ciro mana layukan da suka shafi muhalli da ban ruwa da agaji, ka nuna mana abin da aka rubuta da abin da aka saki, mu kuma za mu kai wa ƙungiyarmu.

Dan_Kangiwa:
Ni ma ina jiran wannan, Baba. Amma ka ware mana shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka 21, idan rahoton ya ba da dama, domin ina so in ga inda Arewa da Dandi suka faɗo a ciki kafin in yarda cewa ana auna mu da mudu ɗaya.